Bege da Ake Kaiwa da Ƙafa

Duk lokacin da layin waya ya yi kyau har na samu zantawa da dangi a ƙasar Katsina, bayan an gama gaisuwa an tambayi yara da maigida, sai wani ya kawo tambayar da ta fi damunsu, wato me Kirista zai iya faɗa wa mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu da sana'o'insu da kaburburan iyayensu. Wasu ma mamaki suke yi idan suka ji cewa akwai majami'u a Sudan, domin a tunaninsu babu kowa a ƙasar sai Larabawa Musulmi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aure ne ya kawo ni nan, domin maigidana mutumin Duwatsun Nuba ne da muka haɗu lokacin da ya je karatu Jos, kuma mun daɗe muna zaune a Wad Madani kafin yaƙi ya turo mu Gadarif. Abin da zan rubuta amsa ce ga waccan tambaya gwargwadon abin da idona ya gani, kuma tun daga farko zan ce abin faɗa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada shi da abin yi.

Bangaskiyar Kirista ta daɗe a wannan ƙasa fiye da yadda mutanenmu suke zato. Wanda ya karanta sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni ya san labarin ma'ajin sarauniya Kandake, wanda Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza, masana tarihi kuwa sun nuna cewa Kandake laƙabin sarauniyoyin Meroe ne, birnin da kufansa yake arewa da Khartum, kusa da Shandi. Labarin ya ƙare da cewa mutumin ya kama hanyarsa yana murna, hanyar kuwa nan ta nufo. A ƙarni na 6 masarautun Nubiya uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, suka karɓi bishara suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru, har zuwa faɗuwar Soba, babban birnin Alwa, wajen shekara ta 1500. Daga baya Daniel Comboni, wani limamin Katolika ɗan Italiya, ya zo ya yi aiki har ya rasu a Khartum a 1881, makarantun da ake kira da sunansa kuma sun koyar da 'ya'yan Musulmi da na Kirista a aji ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dangantakar da ke tsakanin ikkilisiyoyin nan da namu na gida. Mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, da ta kafa tasharta ta farko a Wase a 1904 ita ce reshenta ya isa Heiban a Duwatsun Nuba a 1920, SIM kuma, wadda ECWA ta fito daga cikinta, ta yi aiki a kudancin yankin Shuɗin Nilu. Saboda haka ranar da na fara shiga sujada a nan, yaren ne kawai ya zame mini baƙo, tsarin sujadar da muryoyin wasu waƙoƙin duk na san su tun ina yarinya.

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 Kiristocin da suka rage a arewa suka zama 'yan tsiraru, suka kuma sha matsi iri-iri a kan filayen majami'u da makarantu. An ɗan samu sauƙi bayan faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir, domin a 2019 aka mayar da Kirsimeti ranar hutu, a 2020 kuma aka soke hukuncin ridda. Murnar ba ta yi nisa ba sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin ƙasa da dakarun kar-ta-kwana na RSF, ya raba mutum fiye da miliyan 10 da muhallinsu. A watan Disamba na shekarar Wad Madani ta faɗi, birnin da mutanen Khartum suka tsere zuwa cikinsa suna ganin sun tsira, muka fito tare da su muka nufo gabas, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka.

A Gadarif Hausawa ne suka karɓe mu. Hausawan Sudan, kamar yadda aka sani, jikokin mahajjata ne da suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yada zango, da kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kusan dukansu Musulmi ne, kuma da yawa daga cikinsu ba su taɓa haɗuwa da wanda Hausa ce harshen uwarsa amma yana zuwa coci ba. Dattijon da ya ba mu ɗaki biyu a bayan gidansa, wanda kowa a layin yake kira Baba Alhaji, da ya ji ina yi wa yarana faɗa da Hausa sai ya tsaya ya tambaye ni garinmu, da na faɗa masa addinina kuma sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To, 'yata, Allah ne ya kawo ki, gida kika zo.” Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma karɓi kuɗin haya ba sai da maigidana ya samu abin yi. Ina ambaton wannan ne domin duk wanda zai yi maganar kai wa mutane bege ya kamata ya fara sanin cewa shi ma wani ne ya riga ya buɗe masa ƙofa, kuma sau da yawa mai buɗewar ba ɗan ikkilisiyarsa ba ne. Su kansu Hausawan da tabonsu a jiki, domin rikicin da aka yi a jihar Shuɗin Nilu a 2022 kan ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kuma kori iyalai da yawa daga Rusairis da kewayen Damazin tun kafin babban yaƙin ya zo.

Makarantun garin duk sun cika da 'yan gudun hijira. An jingine bencina a jikin bango, an raba aji ɗaya tsakanin iyalai da zannuwa da buhuna, waɗanda ba su samu ciki ba kuma suka kafa rumfuna a filin wasa. Da Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a ƙarshen Yuni na 2024 sai wani sabon ayari ya ƙaru a kan na farko, ana tsakiyar damina, ga baƙar lakar Gadarif da take kama takalmi ta ƙi saki. A irin wannan wuri kalmomin ta'aziyya da muka saba da su sun riga sun gaji. An gaya wa mutanen nan su yi haƙuri a Khartum, an sake gaya musu a Madani, an kuma gaya musu a Sinja, kowane haƙuri kuwa gudu ne ya biyo bayansa. Idan ka zo ka ƙara musu wani, za su amsa da ladabi su ce Allah ya saka da alheri, amma fuskarsu ba za ta motsa ba. Manzo Yaƙub ya yi gargaɗi a kan wanda zai ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ya sallame shi da fatan alheri kawai, littafin Karin Magana kuma, a sura ta 25, ya kwatanta mai rera waƙa ga wanda zuciyarsa take baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Na ga masu wa'azi masu kyakkyawar niyya sun shiga sansani da lasifika suna shelar farin ciki a kan mutanen da ba su karya kumallo ba, ban kuwa ga abin da hakan ya haifar ba sai ƙarin nisa tsakaninmu da su.

Hanyar da ta yi amfani ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Mutanen Sudan suna da daɗaɗɗiyar al'adar takiyya, wato wurin da shehunan ɗariƙa suke ciyar da almajirai da baƙi da matafiya ba tare da an tambayi kowa daga inda ya fito ba, da yaƙi ya zo kuma sai matasan unguwanni suka farfaɗo da ita, suka kafa ɗakunan agajin gaggawa suna dafa abinci da gudummawar 'yan uwa mazauna waje da ake turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya. Zumuntar matan majami'armu ta duba wannan ta ce mu ma mu ɗora tukunya. Babu wani abin burgewa a cikinta. Yawanci adas ne, wani irin ƙananan wake, wani lokaci balila, wato dafaffen wake ko hatsi, ranar da aka samu hali kuma shinkafa. Da asuba ake jiƙa abin da za a dafa, a tsince tsakuwa, a hura itace a murhun duwatsu uku a bayan majami'a, sannan mata biyu su riƙa juyawa da muciya mai tsayin mutum don kada ya kama. Kafin rana ta take sai yara su fara jera robobi da kwanuka a ƙasa, kowane kwano yana riƙe wa mai shi layi, su kuma su koma inuwa su zuba ido. Kuɗin ƙasar yana ta faɗuwa, dalar da ake canzawa wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 2,000, don haka sau da yawa baikon ranar Lahadi ba ya sayen abin da ya saya a makon da ya wuce, sai a ƙara ruwa a rage mai.

A nan ne muka yi wata muhawara da nake ganin ita ce ginshiƙin al'amarin. Wasu suka ce mu riƙa tara kuɗi mu yi girki mai kyau da nama sa'ad da hali ya samu, wasu kuma suka ce gara abinci maras daɗi da ake samu a ranakun da aka ambata, a kuma lokacin da aka ambata. Ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye, ni ma shi na goyi baya, domin mutumin da yaƙi ya kora ba cikinsa kaɗai ke fama ba. An ƙwace masa sanin abin da gobe za ta kawo, bai san ko makarantar da yake kwana za a buɗe ta a tashe shi ba, bai san ko garin da ya fake shi ma zai faɗi ba. Idan akwai abu ɗaya tak da ya tabbata zai faru ranar Talata da hantsi, to ya samu wurin da zai rataya tunaninsa, daga nan ne kuma sa zuciya take fara tsirowa.

Wata tsohuwa ce ta fahimtar da ni wannan fiye da kowa. Bahaushiya ce daga wani ƙauye na Jazira, jihar da Wad Madani take, muna kiranta Inna, tana da ciwon sukari da wani gyambo a dugadugi da ya ƙi warkewa, 'ya'yanta maza kuma tun ranar gudu ba ta ji ɗuriyarsu ba. Da na fara zuwa wanke mata ƙafar, na tafasa ruwa na sa gishiri, na goge ruɓaɓɓen naman a hankali na naɗe da bandeji, ba ta ce uffan ba, ko cije leɓe ba ta yi ba. Da na tattara kayana na ce, “Inna, zan dawo jibi in canza miki,” sai ta dube ni ta ce, “'Yar nan, kowa haka yake cewa.” Ba da ɗaci ta faɗa ba, labari kawai take ba ni, domin masu rubuta suna sun zo sun tafi, masu ɗaukar hoto ma sun zo sun tafi. Na dawo ranar da na ce, na kuma ci gaba da dawowa, ko ranar da ba ni da bandeji nakan je da tsohon zane da na wanke na shanya a rana na yayyaga. Bayan wani lokaci sai na tarar ta riga ta sa jikarta ta ɗora ruwan, ta shimfiɗa tabarma, har ta ajiye mini ɗan godo-godo, irin furar nan tasu, a kofi an rufe da faifai. Ranar da ta fara yi mini faɗa cewa na makara, a raina na yi godiya ga Allah, domin wanda ya fid da rai ba ya ƙorafin an makara masa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ban kuwa ga dalilin da zai sa a ce bege ya bambanta da ita a wannan ba.

Da aka yi shelar ɓarkewar kwalara a watan Agusta na 2024, Gadarif da Kasala suna cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, aikin ya koma na ruwa da sabulu. Muka riƙa bi aji-aji muna nuna wa iyaye mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, muna kuma roƙonsu kada su ɓoye mai gudawa saboda kunya, su kai shi cibiyar jinya tun da wuri. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa da 'yan matan islamiyya suka haɗu suna zuba sinadarin kulorin a jarkoki, ba wanda ya tsaya tambayar ko jarkar wa ce. Mun rasa mutane, har da yara da na sani da suna, kuma a gidajen makoki na koyi cewa zama shiru kusa da uwa ya fi duk wata aya da zan iya jawowa a wannan sa'a, ko da yake ayar tana nan a zuciyata, ita ce ma ta zaunar da ni.

Ciyarwa da jinya suna tsayar da mutum da rai, amma akwai wani mataki da ya wuce su. A cikin makarantar da muke zuwa akwai wani magidanci da ya yi shekaru yana sana'ar agashe a Madani, irin tsiren nan da Hausawa suka koya wa Sudan har ya zama abincin kowa. Ya bar tukubarsa da wuƙaƙensa ya gudu, ya zo nan ya zauna a gindin bango daga safe har yamma ba ya magana da kowa, matarsa ce take zuwa karɓar abinci domin shi kunya ta hana shi tsayawa a layi. Dattawan ikkilisiya suka yi shawara da Baba Alhaji da wasu 'yan kasuwar unguwa, aka haɗa abin da ya isa sayen waya da gawayi da faranti da naman fara kasuwa, aka kuma gaya masa cewa rance ne, zai biya a hankali, domin mun san kyauta za ta ƙara masa nauyi a ka. Na tsaya na kalle shi daren da ya fara. Ya yanka naman falle-falle, ya tsoma a mai, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli-ƙuli da yaji har ko'ina ya rufe, ya jera tsinkayen a gefen wuta maimakon a kanta don kada ƙulin ya ƙone, yana yi yana yi wa yaron da ke masa fifita tsawa cewa ya rage hannu. Wannan tsawar ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Bayan kwanaki matarsa ta ce mini, “Yaya, yanzu yana barci.”

Abin ya tuna mini da annabi Irmiya, wanda a sura ta 32 ta littafinsa, Urushalima tana kewaye da sojojin Babila shi kuma yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa aka rubuta takarda a gaban shaidu aka adana ta a cikin tulu don ta daɗe. Ga mai lissafi wannan asarar kuɗi ce, amma shi yana shaida ne cewa za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Begen da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa irin wannan ne, yana sa mutum ya fitar da kuɗi ya sa hannu a takarda, ya kafa tukuba a garin da bai san ko zai kwana wata a cikinsa ba.

Akwai wata magana da dole in faɗa, ko da ba za ta yi wa wasu 'yan uwa daɗi ba. A cikin masu turo mana taimako daga waje akwai waɗanda tambayarsu ta farko ita ce mutum nawa suka tuba, ta biyu kuma ita ce ina hotuna. Na fahimci cewa suna da waɗanda su ma za su ba bayani, amma mun yanke shawara tun farko cewa ba za a yi wa'azi a kan layin abinci ba, ba za a kuma ɗauki fuskar kowa yana miƙa kwano ba. Mai jin yunwa zai amsa duk abin da ka ce don ya ci, wannan kuwa ciniki ne da ba ya girmama Almasihu, ba ya kuma girmama mutumin. A sura ta 17 ta Luka, Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya, ba a kuma ce ya janye warkarwar daga sauran taran ba. Kowa a unguwar ya san tukunyar ta coci ce, ya san abin da muka gaskata, wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa nake wannan aiki nakan gaya masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ƙaunar da Yesu ya nuna mini ce take tura ni. Amma sai an tambaya. Da azumin Ramadan ya zo, wanda a 2024 da 2025 duk ya haɗu da kwanakin azuminmu na kafin Ista, sai muka mayar da lokacin rabo zuwa gab da magariba, maƙwabta kuma suka riƙa jawo maigidana zuwa tabarmar buɗa-baki da ake shimfiɗawa a bakin titi, inda al'adar ƙasar ta hana a bar mai wucewa ya wuce bai sha ruwa ba.

Batun farin ciki ya fi na bege wuya, domin mutum yakan ji kamar laifi ne ya yi dariya a inda ake makoki. Da Kirsimetin 2024 ta gabato wasu dattawa suka ce a yi sujada kawai a watse, babu kiɗa babu biki, saboda ga 'yan uwa a Darfur inda aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam tun watan Agusta, ga kuma ƙarancin tsabar kuɗi da canjin takardun fam 500 da 1,000 ya jawo a watan. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ban raina ta ba. Matan zumunta ne suka ƙi, wata daga cikinsu, wadda ita ma ta binne ɗanta a hanya, ta ce yaran nan sun shiga shekara ta biyu ba makaranta ba wasa, idan aka ce sai yaƙi ya ƙare za su yi murna, to wasu za su girma ba su san yadda ake yinta ba. Aka soya cincin da ɗan garin da aka samu, aka mayar da jarkoki ganguna, 'yan Nuba suka yi waƙa da harsunansu, 'yan Habasha da yaƙin Tigray ya koro tun 2020 suka yi tasu, ni ma aka matsa mini na rera ɗaya da Hausa. Yaran makarantar suka cika bakin ƙofa da kan katanga, iyayensu mata suna tsaye daga nesa da mayafansu suna dariyar yadda nake jan baiti. Babu abin da ya canza a fagen yaƙi saboda wannan yini, amma na ga yaran da suka saba firgita da ƙarar babur suna tsalle suna ihu don daɗi, kuma da ƙaramar Salla ta zo su ma suka aiko mana da namu rabon.

Kiristocin ƙasar nan suna da wadda suke tunawa idan ana irin wannan magana, wato Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana ƙarama aka sayar da ita baiwa hannu zuwa hannu, ta bi ta El Obeid da Khartum, aka yi mata tsaga fiye da 100 a jiki aka cusa gishiri. Ta ƙare a Italiya inda ta samu 'yanci, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama sista, ta rasu a 1947, a shekara ta 2000 kuma Cocin Katolika ta sa ta cikin tsarkaka. Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma na lura cewa abin da waɗanda suka zauna da ita suka fi tunawa shi ne sanyin halinta da fara'arta, alhali tabon yana jikinta har ta mutu. Wannan ya yi daidai da abin da muka gaskata game da Ubangijinmu, wanda ya tashi daga matattu da alamun ƙusoshi a hannuwansa, ya kuma nuna wa Toma su. Farin cikin Kirista ba ya bukatar a ce ciwon bai faru ba.

Daga nan ne kuma ƙarfin komawa yake fitowa, domin gaskiya ita ce tausayi kaɗai yana ƙarewa. Akwai safiyar da ƙafa take ƙin tashi, akwai ranar da wanda ka yi wa hidima zai zage ka saboda adas ya ƙare kafin layi ya kai kansa, akwai kuma daren da za ka kwanta kana tunanin gidanka na Madani da ko ƙofa ba a bar masa ba. A irin waɗannan ranaku abin da yake tayar da ni shi ne sanin cewa Allah bai aiko mana da saƙon ta'aziyya daga nesa ba, ya zo da kansa ya zauna a cikinmu, ya ji yunwa, shi ma an gudu da shi Masar yana jariri. Na kuma ga wannan a rayuwar waɗanda suka ƙi barin mutanensu, irin su sistocin Dar Mariam a unguwar Shajara ta Khartum, waɗanda suka riƙe mata da yara a gidansu fiye da shekara guda ana ɓarin wuta a kewaye da su, da Bishop Yunan Tombe Trille da ya zauna a El Obeid cikin tsananin yaƙin. Kafin mu ɗora tukunya mukan tsaya mu yi gajeriyar addu'a, wani lokaci da Larabci, wani lokaci kowa da harshensa, roƙon kuwa kusan kullum ɗaya ne, a ba mu abin da zai isa na yau da ƙarfin dawowa a ranar da muka ɗauki alkawari.

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a watan Janairu na 2025, suka kuma shiga tsakiyar Khartum a watan Maris, motoci suke ta kwasar mutane zuwa gida, azuzuwan da suka cika a da sun fara komawa hannun ɗalibai. Mai agashe ya biya rancensa ya koma Madani da tukubarsa a saman mota, kuɗin kuma aka ba wata mai shayi. Inna ba ta tafi ba, domin ƙafar ta warke amma ba ta da wanda za ta koma wurinsa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Waɗanda suka rage su ne tsofaffi da gwauraye da marasa kuɗin mota, gudummawa daga waje kuwa ta ragu sosai tun da aka ji cewa mutane suna komawa. A taron zumunta na ƙarshe mun rage yawan abin da ake dafawa, mun kuma raba sunayen waɗanda ba sa iya zuwa layi a tsakaninmu don a riƙa kai musu har inda suke, amma ranakun da lokacin rabon mun bar su yadda suke. Maigidana yana so mu je mu duba abin da ya saura na gidanmu bayan an gama girbin riɗi, na kuma gaya wa Inna ranar tafiyar da sunan matar da za ta riƙa zuwa a madadina.